Neman shawara: in rabu da motata mai jan gaba, ko ni ne ban iya shan kwana ba?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina da wata ƙaramar mota mai injin turbo wanda ƙarfinsa ya ɗan haura doki 200, giyarta ta hannu ce, kuma tayoyin gaba ne suke jan ta. Shekara biyu ke nan ina hawanta ban taɓa ganin aibinta ba, sai a watan jiya da na shiga da ita filin tsere a ranar da ake buɗe wa masu koyo. A nan ne ta nuna mini halin da ban san ta da shi ba. Akwai wata matsattsiyar kwana ta hannun dama a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, kuma duk zagayen da na yi, ina karya sitiyari sai hancin motar ya ƙi shiga, ya ci gaba da zamewa waje, tayoyin suna ta ƙara. In na ƙara karya sitiyarin sai abin ya ƙara lalacewa. In kuma na lallaɓa na kai tsakiyar kwanar na taka totur don in fita, sai tayar gaba ta ciki ta kama juyawa a banza, allurar injin ta haura amma motar ba ta ƙara gudu ba, sitiyarin kuma yana fizgar hannuna. Da na fito na tsuguna na duba tayar gaba ta hagu, sai na tarar gefenta na waje ya cinye har ya yi shuɗi-shuɗi, robar ta narke ta dunƙule gutsi-gutsi, alhali tayoyin baya suna nan kamar yau aka ɗaura su.

Abokan da muka je tare sun ce ba laifina ba ne, wai mota mai jan gaba ba a yi ta don wannan aiki ba, in dai ina son in koyi tuƙi na gaskiya sai in koma mai jan baya ko mai jan tayoyi huɗu. Shi ne nake roƙon masana su fayyace mini: shin tsarin motar ne ya gaza, ko kuwa ni ne da gyara? In kuma canji ne ya dace, wanne zan nufa?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwa biyu ka kawo a dunƙule, kuma sai an raba su kafin a yi wa motar hukunci.

Abin da yake haɗa kowace taya da kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da wannan ɗan wuri zai iya yi yana da iyaka. Daga cikin wannan riƙon ne ake ɗibar na birki, da na totur, da na shan kwana, duk wanda ka ɗiba da yawa kuwa sauran ne za su rasa. A mota mai jan gaba, tayoyin gaba su ne suke juya motar, su ne suke jan ta, su ne suke ɗaukar mafi yawan aikin birki, sannan kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kansu yake, saboda inji da giyabos duk suna can gaba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Ƙari a kan haka, duk lokacin da mota ta zabura, nauyinta baya yake komawa, wato daidai lokacin da tayoyin gaba suke neman abin da zai danne su a ƙasa ne ake ɗauke musu shi. A tsakiyar kwana kuma nauyin yana karkata zuwa waje, sai tayar ciki ta yi sakayau. Difaranshiyal na gama-gari, wato abin da yake raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyu, daidai-wa-daida yake rabonsa, don haka tayar da ta fi rauni ita take yanke iyakar abin da ɗayar za ta samu. Wannan ne ya sa ta ciki take ta bilinbituwa motar ba ta tafiya. Har zuwa nan abokanka suna da gaskiya, domin matsalar fita daga kwana ta tsarin ce.

Amma matsalar shiga kwana ba a nan gizo yake saƙa ba. A lokacin da kake karya sitiyari a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ƙafarka ba ta kan totur, saboda haka babu tayar da take jan komai, kuma motar ba ta san ko ita mai jan gaba ce ko mai jan baya ba. Da za a ba ka mai jan baya ka shiga wannan kwanar da irin wannan gudun, ita ma hancinta zai zame waje. Gefen tayar da ka ga ya cinye shaida ce ta mutumin da ya shigo da gudu fiye da kima, ya kuma yi ta ƙara sitiyari a kan tayar da riƙonta ya riga ya ƙare.

Mai koyar da tuƙin tsere:

Na goyi bayan Injiniya, kuma kusan duk wanda na zauna a gefensa a ranarsa ta farko haka yake yi. Ka gwada wannan in ka koma. Ka fara birki da wuri fiye da yadda zuciyarka take so, kana kan miƙe, ka taka shi da ƙarfi tun farko, sannan ka riƙa sassauta shi a hankali yayin da kake fara karya sitiyari, ta yadda ɗan nauyin da ya rage a gaba zai danne tayoyin su kama. Ka jinkirta shiga kwanar, kada ka yi gaggawar manne wa gefen ciki, domin mota mai jan gaba tana son ta gama juyawa kafin a nemi gudu daga gare ta. Ka ɗauka akwai igiya tsakanin sitiyari da totur: gwargwadon yadda kake warware sitiyarin, gwargwadon yadda kake da izinin danna ƙafa. In kuwa hancin ya riga ya fara zamewa, maganin shi ne ka ɗan rage sitiyarin ka kuma ɗan sassauta totur, abin da hannu yake ƙin yi saboda tsoro, amma shi kaɗai ne yake mayar wa tayar da riƙonta.

Sai dai ka kula da kalmar “ɗan” da na faɗa. In ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya a lokaci guda kana tsakiyar kwana mai gudu, nauyi zai faɗa gaba, bayan motar ya yi sakayau ya zame, sai ka ga mai jan gaban da ake cewa ba ta juyawa ta yi katantanwa da kai. Peugeot 205 GTI ta 1984 da wannan hali ta yi suna. Gwanaye kuwa da gangan suke amfani da shi don su juya motar, wasu ma da ƙafar hagu suke taɓa birki alhali ta dama tana kan totur, dabarar da direbobin Suwidin da Finlan suka shahara da ita a tseren rali, wato wanda ake yi a kan hanyoyin gari da na daji maimakon filin tsere, tun shekarun 1960. Ba yanzu za ka koyi wannan ba, na ambata ne don ka san motarka tana da sauran darussan da ba ka buɗe ba.

Ma’abocin mai jan baya:

Malamai, ku gafarce ni, ni dai ina tare da abokan nasa, ko da yake ba don dalilin da suka bayar ba. A mota mai jan baya an raba aiki: na gaba su juya, na baya su tura. In ka taka totur nauyin yana komawa kan tayoyin da suke turawa, wato abin da yake cutar da mai jan gaba shi yake taimakon ta. Sitiyarinta kuma ba ya ɗauke da ƙarfin inji, don haka abin da kake ji a tafin hannunka labarin kwalta ne kawai. Uwa uba, kana da hanya biyu ta juya motar, da hannu da kuma ƙafa, domin totur yana iya tura bayanta waje kaɗan ya nuna hancinta inda kake so. Ba banza ba duk motocin Formula 1 baya suke turawa. Nissan ta gwada kai mota mai jan gaba babban rukunin tseren sa’o’i 24 na Le Mans a 2015, motoci uku ta shigar, babu wadda aka lissafa cikin waɗanda suka kammala, kuma kafin shekarar ta ƙare aka rufe shirin. Ba kuma sai mai ƙarfin doki da yawa ba. Mazda MX-5 tun 1989 take koya wa mutane wannan darasi da ƙaramin inji da nauyin da ya kusa rabuwa rabi da rabi tsakanin gaba da baya, Toyota 86 ta 2012 kuwa da gangan aka ɗaura mata siraran tayoyi don direba ya ji iyakar riƙonta ba tare da ya kai gudun halaka ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, jiki magayi. A shekarata ta farko da ita, an yi yayyafi a fili, ina giya ta biyu a wata kwana ta hagu, na ɗan yi gaggawar taka totur. Ban ji ƙara ba, ban ji gargaɗin komai ba, sai dai na ga shingen da yake haguna ya dawo gabana, kafin in mayar da sitiyari har na tsaya ina fuskantar motocin da suke biyo ni, injin ya mutu, ƙafata tana rawa a kan kuloci. Mai jan gaba in ka yi mata kuskure waje take zamewa ta ba ka lokacin tunani, wannan kuwa sai hannunka ya riga tunaninka.

Mai bibiyar tarihin tsere:

Yallaɓai, misalin Le Mans ɗin nan yana buƙatar adalci, domin na’urar tara ƙarfi ta motar, wadda take adana ƙarfin birki don taimaka wa inji, ba ta yi aiki yadda aka tsara ba, don haka ba jan gaba kaɗai za a ɗora wa laifin ba. Kuma tarihi yana da ɗaya gefen. Mini da Alec Issigonis ya tsara ta fito a 1959 da inji a gicciye da jan gaba, ita ce kuma ta ci ralin Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, ta bar manyan motoci masu jan baya a kan ƙanƙara. Kafin ita Erik Carlsson ya ci wannan ralin a 1962 da 1963 da Saab 96, ita ma mai jan gaba. A zamaninmu, a zagayen Nordschleife na filin tseren Nürburgring a Jamus, mai tsawon fiye da kilomita 20, Honda Civic Type R ta yi minti 7 da daƙiƙa 43.8 a 2017, Renault Mégane R.S. Trophy-R kuma ta yi minti 7 da daƙiƙa 40.1 a 2019. Wanda yake ganin motarsa mai doki 200 ta kai maƙura saboda gaba take ja, ya dubi waɗannan alƙaluma.

Inda nake yarda da kai shi ne akwai iyaka. Ford ta fitar da Focus RS a 2009 da doki kusan 300 a tayoyin gaba, kuma sai da ta sake fasalin ƙafafun gaban ta sa difaranshiyal mai hana zamewa kafin motar ta ladabtu. Da ta zo fitar da mai doki 350 a 2016, jan tayoyi huɗu ta koma.

Mai jan tayoyi huɗu:

Tunda an ambaci ɓangarenmu, bari in tofa albarkacin bakina. Fa’idar jan huɗu a fili take wajen tashi daga tsaye, da fita daga kwana, da duk inda ƙasa take da santsi, domin ƙarfin da taya biyu za su kasa sauke wa a ƙasa an raba shi ga huɗu. Audi Quattro ta fito a 1980, ta shiga gasar rali ta duniya a 1981, kuma tun bayan Lancia 037 a 1983 babu mota mai jan taya biyu da ta sake cin kambun kamfanoni a gasar. Nissan Skyline GT-R ta 1989 ta shiga tsere 29 a gasar motocin Japan ta cinye su duka.

To amma ɗan’uwa, kada wannan ya ruɗe ka. Jan huɗu ba ya ƙara maka komai a birki, kowace mota da taya huɗu take tsayawa, ga shi kuma ka ɗauko ƙarin nauyin farfela da difaranshiyal na baya da za ka tsayar. A matsattsiyar kwanar da ka kwatanta, wadda ka shigo da gudu fiye da kima, tawa ma za ta miƙe waje, wataƙila ma ta fi taka. Sannan ba duka ne suka zama ɗaya ba. Da yawa daga ƙananan motoci masu inji a gicciye, asalinsu masu jan gaba ne, sai wani kuloci a tsakiya yake tura wani kaso baya in buƙata ta taso, don haka halinsu a kwana ya fi kusa da na motar da kake neman rabuwa da ita. Babban abin da nake ji wa mai koyo tsoro kuwa shi ne tana rufa asirin kuskure. Za ka taka totur a inda bai dace ba ta fitar da kai lafiya, ka ɗauka gwaninta ce, ranar da riƙon zai ƙare kuma kana kan gudun da babu sauran gyara.

Dattijon makaniki:

Ɗana, duk sun yi magana a kan tuƙi, ni kuma ina so a ɗaga motar nan a leƙa ƙarƙashinta kafin a yanke mata hukunci. Fizgar sitiyarin da ka ji, wani ɓangare nata halitta ce, domin in inji yana gicciye, giyabos yana zama gefe guda, sai shaf ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwarsu ta bambanta, motar ta riƙa ja gefe in an matsa mata. Amma mota mai doki 200 in lafiyarta ƙalau bai kamata ta yi kokawa da kai ba. Na sha zura ƙarfe in taɓa bushin na hannun ƙasa in ga robar ta tsage tana lilo, mai motar kuwa yana rantsuwa cewa haka kamfani ya yi ta. A duba bushin, da kan tayarod, da kujerun inji, da shokazoba, sannan a yi alaimen. Wajen alaimen ɗin ka roƙi a ɗan kwantar da saman tayoyin gaba zuwa ciki in motar tana da wurin yin haka, domin cinyewar gefen waje tana nuna tayar tana birkicewa kan kafaɗarta in mota ta kwanta a kwana.

Bayan wannan, gyaran da ya fi kowanne canza halin mota mai jan gaba shi ne difaranshiyal mai hana zamewa. Shi in tayar ciki ta fara sakewa sai ya karkata ƙarfin zuwa ta waje, wadda nauyi ya danne, har ka ji totur yana jawo hancin motar cikin kwana maimakon ya tura shi waje. Wasu za su ce ka sa sandar sitabilaiza mai kauri a baya, wato ƙarfen da yake rage kwanciyar mota a kwana, don motar ta fi saurin juyawa. Tana yi, amma tana kuma kusanto da zamewar bayan da Malam ya yi maka gargaɗi a kai, don haka ni ba na ɗaura wa mai koyo ita. Wace irin taya ce a motar, kuma iska nawa ka sa?

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambayarka ta kama ni. Tayoyin na yau da kullum ne, irin waɗanda ake yi don su daɗe, na gaba sababbi ne amma na baya sun kai shekara huɗu, iskar kuma tun da safe na auna ta ban sake dubawa ba har muka tashi. Na kuma kashe na’urar ESC, wadda take taɓa birki da kanta in mota ta fara zamewa, tun zagaye na biyu saboda abokaina sun ce tana rage gudu. Na fasa maganar sayar da motar a bana. Abin da ya rage mini shi ne, tsakanin taya da difaranshiyal ɗin nan wanne zan fara, kuma tunda na gaba ne suke cinyewa, ba zan iya canza su kaɗai in bar na baya ba?

Mai koyar da tuƙin tsere:

Taya za ka fara, kuma huɗun gaba ɗaya, iri ɗaya. In ka sa masu riƙo a gaba ka bar tsofaffin da suka bushe a baya, ka haɗa wa kanka motar da gabanta yake kamawa bayanta yana sakewa, kuma hakan yakan bayyana ne a kwana mai gudu ko a jiƙaƙƙen titi, inda ba ka so. Shi ya sa ko a mota mai jan gaba, in taya biyu kaɗai mutum zai saya, a baya ake ba da shawarar ya ɗaura su. Maganin cinyewar na gaba shi ne ka riƙa musanya su da na baya bayan kowace fita. Iska kuma ka auna ta da zafinta, kana shigowa daga fili, domin taya in ta yi zafi iskar cikinta tana ƙaruwa, tsakiyarta ya kumbura, riƙon ya ragu, wanda wataƙila shi ya sa kwanar take ƙara yi maka wuya da rana ta yi. Ka rage ta kaɗan-kaɗan kana duba inda alamar gogewa ta tsaya a kafaɗar tayar, kuma kada ka manta ka mayar da ita yadda kamfani ya rubuta bayan ta huce, kafin ka hau titi.

ESC ɗin ka mayar da ita. In tana tsoma baki a kwana, tana gaya maka ne cewa ka nemi abin da tayar ba ta da shi, kuma ranar da ka yi zagaye biyar a jere fitilarta ba ta ƙifta ba, lokacinka kuma yana raguwa, sai mu yi maganar kashe ta.

Injiniya:

Difaranshiyal ɗin ka bar shi sai ka fita sau uku ko huɗu da sababbin tayoyin. In har bayan ka gyara shiga kwana, ka kuma koyi jiran sitiyari ya warware, tayar ciki tana ci gaba da juyawa a banza a giya ta biyu, to lokacinsa ya yi. Kafin fita ta gaba kuma ka canza man birki, domin tsohon mai yana shan danshi, in ya yi zafi sai ya tafasa fedar ta nutse, kuma birkin da Malam ya ce ka riƙa takawa da ƙarfi a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar nan zai dafa shi fiye da yadda ka saba.